Kiɗa Ya Koma Ɗaki: To Wa Ke Cin Ribar?

A zamanin mulkin soja, mawaƙin da ke son a ji muryarsa a Nijar ƙofa ɗaya gare shi: gidan rediyon gwamnati da ke Yamai. Can na'urori suke, can kuma mai cewa i ko a'a yake zaune. A nan Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa a 1978, da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla. Kaset ɗin da aka fitar bai wuce kamar ɗari ba. Shekara da shekaru ana sa wannan kiɗa tsakanin shirye-shirye, jama'a sun san shi kamar yunwar cikinsu, amma kaɗan suka san sunan mai shi. Sai a 2013 wani ƙaramin kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya buga shi a faifai.

Yau ƙofar nan ta faɗi, kuma ba wata doka ce ta kayar da ita ba. Na'ura ce. Saurayi a Damagaram ko Maraɗi na iya samun tsohuwar kwamfuta, ya zuba mata manhajar FL Studio, wadda wani kamfanin Beljiyam ya fara fitarwa da sunan FruityLoops, ya jingina katifa ga bango don ta tare ƙarar babura, ya tsara ganga da fiyano da murya shi kaɗai kafin wuta ta ɗauke. Haka Hama na Yamai ya yi suna, da tsohon fiyanon Yamaha da wannan manhaja. Mdou Moctar kuwa, ɗan jihar Tawa da ya ƙera jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke, Sakkwato ya tafi a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, da gangar inji da na'urar lanƙwasa murya, irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi wayoyin salula har Mali, ba tare da wani darakta ya sa hannu ba.

Dattawa na kukan cewa inji ya kori mai kalangu. Kukan yana da tushe: kalangu magana yake yi, yana kiran suna, yana kirari, yana sauya bugu in mai rawa ya sauya taku, inji kuwa abin da aka danna masa shi zai yi ta maimaitawa har gari ya waye. Kuma mai biki da ya ɗauko yaro ɗaya da lasifika ya hana makaɗa biyar abincin ranar. Amma zagin inji ba ya mayar wa kowa da aikinsa. Abin dariya ma shi ne, a Turai da Amurka tsofaffin kaya ake rububi: injin ganga na Roland TR-808, wanda aka fitar a 1980 aka daina ƙerawa bayan ƴan shekaru don bai yi kasuwa ba, yanzu tsada gare shi, haka tsofaffin jitocin Fender da lasifikokinsu. Su da kuɗi suke sayen tsufa. Mawaƙin Agadas talauci ne ya bar shi da ita.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. Waƙar da aka haɗa a ɗaki takan fito ba suna, ba shekara, ba takarda. Daga ɗakin sai rumfar mai tura waƙoƙi a kasuwa, shi ya karɓi ƴan dalolinsa ya cika wa mai saye kati. Daga nan sai tasha, sai gidan biki, sai rediyo mai zaman kansa. Kowa ya ci, ban da wanda ya kwana yana haɗa ta. Lokacin da Christopher Kirkley, mai Sahel Sounds, ya tashi buga waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara a 2011, sai da ya bi sawun masu su ɗaya bayan ɗaya don ya biya su. Baƙo daga Portland ya iya wannan wahala. Shin ƴan gida me ya hana su?

Ba doka aka rasa ba. Tun 1993 Nijar ta yi dokar haƙƙin mallakar fasaha, aka sabunta ta a 2010, ga kuma hukumar BNDA da aka ɗora wa karɓa da rabawa. Sai dai tsarin an gina shi ne kan abin da ake iya ƙirgawa da hannu, kaset da faifai, ba kan waƙar da ke tsallakawa daga waya zuwa waya ba. Yaron da ya haɗa waƙa a wata unguwar Tasawa ba zai biya kuɗin mota mai nisa don ya cika takarda da Faransanci ba.

Abin da ya kamata ba shi da wuyar faɗi. A buɗe rajistar waƙa ta waya, cikin Hausa da Zabarmanci da Tamashek, da kuɗi kaɗan. A yanka wa masu tura waƙoƙi wani abu na wata, a zauna da ƙungiyoyin ƴan kasuwa a tsayar da adadinsa, a kuma riƙa buga abin da aka tara da sunayen waɗanda aka ba. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai ta riƙa ajiye kwafin duk waƙar da aka yi wa rajista, tun da kwamfutar ɗaki ba ta jure zafi da ƙura, in ta mutu da waƙoƙin take tafiya.