Raddi ga masu cewa tawali'u halin matsoraci ne

A tashar Adjamé, inda motocin haya na gbaka ke lodi tun kafin asuba, da kuma wasu ƙananan majami'u a lungunan Treichville, wata koyarwa ta samu kasuwa a tsakanin matasan Kiristocin Abijan. Masu ita suna cewa ɗan Allah ba ya zama a ƙasa, dukiya ita ce shaidar albarka, kuma duk abin da mutum ya bayar iri ne da zai girba ninki ba ninki.

Hujjarsu ta farko ita ce tawali'u rauni ne, wai wanda ya sunkuyar da kai a kasuwar Adjamé sai a taka shi. Babu mai musun cewa kasuwa ba ta ragawa mai sanyin jiki. Sai dai sun haɗa tawali'u da tsoro, alhali ba hanyarsu ɗaya ba. Manzo Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa, kuma a sura ta 2 ya nemi kowa ya fifita bukatar ɗan'uwansa, ya kafa musu misali da Almasihu da ya bar matsayinsa ya ɗauki na bawa. Mai matsayi ne ke iya saukowa da son ransa. Tarihin wannan gaɓar teku ma ya isa shaida. William Wadé Harris, mutumin Laberiya, ya ratsa kudancin Kwaddibuwa a 1913 da 1914 da ƙafa, ba takalmi, da farar riga da sandar gora mai siffar gicciye da ƙwaryar baftisma. Dubun dubatar mutane suka bi shi, har da Ebrié, masu asalin ƙasar da Adjamé ke kai. Matsoraci ba ya sa gari guda ya ƙona gumakansa. Turawan Faransa kuwa ba su ɗauke shi rarrauna ba, shi ya sa suka kore shi daga ƙasar.

Ta biyu, wai arziki ne ma'aunin yardar Allah. In haka ne, Harris ya faɗi, domin a 1929 ya rasu a ƙasarsu cikin talauci, ga ikkilisiyar da ke ɗauke da sunansa tana nan a Abijan har yau. Kuma lokacin da Shugaba Houphouët-Boigny ya gina katafaren cocin Yamusukuro, Fafaroma John Paul na Biyu, wanda ya keɓe shi a 1990, asibiti ya nema a gina a gefensa. Abin takaici, sai a 2015 aka buɗe asibitin.

Ta ukun ce ta fi haɗari, domin tana sanye da rigar kyauta: ka ba da baiko, ka yi hidima, Allah zai mayar maka da riba. Wannan ai adashi ne, kowa na zubi yana jiran ranar kwasarsa. A tambayi masu wannan magana, me mai taɓin hankalin da aka ɗaure a gindin itace zai biya? Grégoire Ahongbonon, ɗan Benin da ya zo Kwaddibuwa a 1971 yana facin taya, ya yi kuɗi da motocin haya, ya kuma karye. Bayan karayar ce ya fara ziyarar marasa lafiya da fursunoni a Bouaké, daga nan ya koma kan masu taɓin hankali da ke yawo tsirara a titi. Ƙungiyarsa ta Saint Camille yanzu tana da cibiyoyi a Kwaddibuwa da Benin da Togo. Da hannunsa yake yanke sarƙa, ya yi wa mutum wanka, ya ba shi abinci. Wasu daga cikin sarƙoƙin nan, kada a manta, a sansanonin addu'a ya same su, inda aka yi wa iyalai alkawarin mu'ujiza.

Idan aka matsa musu, sukan ja da baya su ce to, a yi hidimar, amma ga 'yan ikkilisiya kawai. A Treichville da Adjamé wannan ba ya ma yiwuwa. Coci na kallon masallaci, mai ɗakin da ke jikin na Kirista sau da yawa Bajula ne ko ɗan Burkina ko Bahaushen Nijar mai sayar da abincin garba, kuma a babban asibitin koyarwa na Treichville masu jinya kan raba tabarma da ruwan sha ba tare da tambayar addini ba. A rikicin bayan zaɓe na 2010 zuwa 2011, wanda ya ci rayuka kusan 3,000, harabar mishan ɗin Katolika a garin Duékoué ta ɗauki dubban masu gudun hijira da ba su da abin sakawa a farantin baiko. A 2013 kuma Fafaroma Francis ya wanke ƙafafun matasan fursunoni a Rum ranar Alhamis Mai Tsarki, cikinsu har da Musulmi.