Shaye-shaye: Raunin da 'ya'ya ke gada daga iyaye

Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNODC na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Da yawansu iyaye ne. Yaron da ya tashi cikin duka da rashin kulawa kan nemi sauƙi a kwalbar kodin, gobe ya reni nasa haka.

Kamen NDLEA na rage ƙwaya a kasuwa, amma ba ya warkar da iyali. An samu dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023. Saura jihohi su kai ƙwararru makarantu da asibitocin unguwa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.