Lambun Gida: Shukar Da Ba Ta Son Rana

Wani tsohon ɗalibinmu da ke zaune a Ingila ya aiko mana da hoton bayan gidansa. A gindin katanga, inda rana ba ta kaiwa, ga wata shuka mai faffaɗan ganye shuɗi, ta yi lif. Ya ce sunanta hosta, irin da ake kira Halcyon, yana kuma so ya aiko mana da saiwarta mu dasa a ƙarƙashin mangwaron makaranta.

Asalin hosta daga Japan ne, da Koriya, da Sin. Shi wannan iri, wani mai lambu a Ingila, Eric Smith, ya same shi ta wurin barbarar iri 2 a shekarar 1961. Shuɗin nan kuwa ba launin ganyen ba ne na ainihi. Wani abu ne kamar kakin zuma da ya lulluɓe shi. In rana ta doke shi sai kakin ya gushe, ganyen ya koma kore kamar na kowa. Shi ya sa ake dasa ta a inuwa, cikin ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen ganye, a kuma zuba ruwa a gindi, kada a watsa a ka. Ba a shuka ƙwayarta, gama 'ya'yan ba sa ɗauko uwar. Tushen ake tonewa a raba. Babban abokin gabanta dodon koɗi ne, wanda kan huda ganyen da dare.

To, mun gode masa, amma mun ce ya riƙe kuɗinsa. Hosta takan bushe ƙurmus da sanyi ya shigo, saiwar ta yi barci a ƙasa. Sai ta sha makonni cikin sanyi irin na firji kafin ta sāke tohowa da ƙarfi. Hunturunmu, duk da rawar ɗarin da yara ke yi da safe, bai kai nan ba. Za ta yi ta ramewa har ta mutu, yara kuma su ɗauka laifinsu ne.

Inuwar nan dai ba za ta zauna banza ba. Gwaza ma faffaɗan ganye gare shi, yana jure inuwa, ga shi kuma ana ci. Da ruwa ya sauka za mu dasa shi ta gefen da hasken safe ke shiga, tare da 'yar citta daga Kwoi. 'Yan aji 5 ne za su yi kunya.