Kitso Da Ƙwarƙwata: Agajin Kunne A Rugage

'Yan'uwa marubuta, akwai wani nau'in agaji da ya kamata mu daina yi wa guɗa. Tawaga ta sauka a rugar Bororo ko zangon Buzaye a Jamhuriyar Nijar, ta maƙala wa yara na'urar ƙara ji, a ɗauki hoto, kwana uku ta naɗe kaya. Mu kuma mu cika Facebook da “an share musu hawaye.” Wane hawaye?

Batirin na'urar nan da wuya ya wuce mako biyu. A wace kasuwa makiyayin da ke bayan Ingal zai sayi wani? Yaro yana girma, robar da aka auna wa kunnensa ta daina zama daidai, wa zai sake aunawa? Ƙura da gumi su toshe ta, wa zai gyara? Ga shi da an yi wata guda garke ya tashi, babu mai sanin inda yaron yake.

Mafi muni, sau da yawa ba na'ura ce buƙatar farko ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya kauce masa. Kunne mai zubar da mugunya, ƙyanda da sanƙarau su ne manyan ɓarayin ji, kuma Nijar tana tsakiyar yankin sanƙarau. Saka na'ura a kunnen da ke ruwa kitso ne da ƙwarƙwata.

Za a ce da babu gara ba daɗi. A'a. Rahoton hukumar na 2021 ya ce kashi 78 cikin 100 na ƙasashe matalauta ba su da likitan kunne ko ɗaya ga kowane mutum miliyan. Inda likita ya yi ƙaranci haka, kuɗin jirgin baƙi gara a kashe shi wajen koya wa ɗan ruga, mai jin Fulatanci ko Buzanci, duba kunne, wanke shi, ɗiga magani, da bin garke da rigakafi. Shi ba ya tafiya ko'ina.

Don haka duk wanda zai rubuta labarin irin wannan rabo, ya jira wata shida. Ya koma ya tambayi uwar yaron: na'urar tana kunne, ko tana cikin ƙwarya? Abin da ta faɗa, shi za ka rubuta.