Ɗalibi da Binciken Magunguna Masu Sauya Hayyaci: A Hannun Wa Zai Koya?

Wasu sinadarai da duniya ta daɗe tana lissafawa cikin miyagun ƙwayoyi sun koma ɗakunan bincike na manyan jami'o'i. Akwai silosibin da ake samu a wani nau'in naman kaza, da LSD da Albert Hofmann ya haɗa a birnin Basel na Suwizalan a 1938, da kuma MDMA. A 2019 Kwalejin Imperial ta Landan da Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka kowacce ta buɗe cibiya domin nazarin irin waɗannan sinadarai. Daga Yulin 2023 kuma Ostireliya ta yarje wa wasu likitocin ƙwaƙwalwa su ba da silosibin ga mai ciwon damuwar da ta ƙi jin magani, MDMA kuma ga wanda firgicin wata masifa ya ƙi sakinsa.

Ba abin mamaki ba ne ɗalibin likitanci Musulmi ya ji wannan labari, ya fara neman malamin da zai riƙe hannunsa a fannin. Ra'ayinmu shi ne kada iyaye su yi gaggawar kiransa ɗan ƙwaya, shi kuma kada ya miƙa kansa ga duk wanda ya fara amsa wasiƙarsa.

Cewa duk abin da ke sa maye haramun ne, wannan babu jayayya. Amma malaman fiƙihu ba su zuba duk abin da ke taɓa hankali a kwando ɗaya ba. Imam Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya bambance a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin mai bugarwa, da mai rikita hankali, da mai sa barci har gaɓoɓi su daina ji. Magabata sun halatta gusar da hankalin majinyaci idan za a yi masa aikin da ba zai iya jurewa ba, kuma a kan haka ake yi wa mutane allurar ketamin a ɗakunan tiyatarmu ba wanda ya ɗaga gira. Inda za a ajiye waɗannan sababbin magunguna aikin majalisun fatawa ne tare da likitoci. Abin da ya bayyana shi ne sassaucin lalura na marar lafiya ne, bai shafi lafiyayyen da ke son ya ɗanɗana ba.

A nan zaɓen malami yake da nauyi. A cikin masu wannan fanni akwai masu ganin cewa wanda bai taɓa sha ba ba zai fahimci majinyacinsa ba. Ɗalibi ya tambayi wannan tun a zaman farko, idan sharaɗi ne ya nemi wata ƙofa. Tarihin fannin ma yana bayansa. Timothy Leary da Richard Alpert sun riƙa shan sinadarin tare da waɗanda suke gwaji a kansu a Jami'ar Harvard, har jami'ar ta rabu da su a 1963. Hayaniyar waɗancan shekaru ta share fage ga dokar Amurka ta 1970 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971, bincike ya kwanta shekaru masu yawa, marasa lafiya suka biya bashin da ba su ci ba.

Darasi na kusa shi ne na Agustan 2024, lokacin da hukumar FDA ta Amurka ta ƙi amincewa da MDMA a matsayin magani, ta nemi a sake gwaji. Daga cikin abubuwan da aka yi ƙorafi a kai, yawancin waɗanda aka gwada sun gane ko maganin gaske aka ba su ko ƙwayar da babu komai a cikinta, wanda hakan ke raunana sakamako. An kuma samu rahoton keta alfarmar wata majinyaciya a gwajin da aka yi a Kanada. Mutumin da hayyacinsa ya sauya ba ya iya kare kansa, amana ce a hannun likita. Saboda haka malamin da ya cancanci a bi shi ne wanda ke da lasisi, kwamitin ɗa'ar bincike na duba aikinsa, ba ya ɓoye wanda ke ba shi kuɗi, kuma yana wallafa sakamako ko da bai yi masa daɗi ba.

Akwai kuma batun aƙida. Tun binciken Roland Griffiths na 2006, masana na auna abin da suke kira yanayi na ruhi da mai shan silosibin ke shiga. Ɗalibi na iya rubuta abin da majinyaci ya faɗa a matsayin bayanin bincike, ba tare da ya ɗauke shi kashafi ko hanyar kusantar Allah ba. Malamin da ya mayar da ɗakin gwaji zawiyya ya bar kimiyya.

Hanyar kuwa daga gida take farawa. Ɗalibi ya ƙware a ilimin magunguna, da lissafin alƙaluma, da kula da masu taɓin hankali, a hannun likitocin asibitoci irin na Barnawa a Kaduna ko Aro a Abeokuta. Sannan ya rubuta wa mai binciken da ya karanta ayyukansa gajeriyar wasiƙa, ya ambaci takardar da ya nazarta da tambayar da ta bar masa, ya kuma faɗi tun farko abin da addininsa ya hana shi.