Ba Sharholiya Ce Ta Cinye Kuɗin Tsohon Ɗan Fim Ba

Duk ranar da hoton wani tsohon ɗan fim ya zagaya wayoyi yana neman kuɗin magani, kafin a ce Allah ya ba shi lafiya an riga an yanke masa hukunci. Ina kuɗin da ya tara lokacin da yake tashe? Ai sharholiya ya yi da su. Kowa ya haddace wannan magana, kuma zalunci ce.

Kuɗin da ake tuhumarsa da ɓarnatarwa, yawanci bai taɓa riƙe su ba. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, tsarin biyan ɗan wasa bai sauya sosai ba: a gama ɗauka a lokeshan, furodusa ya sallame shi, shi ke nan. Fim ya shiga hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, masu satar fasaha su buga nasu, daga baya masu turawa a waya su loda wa mutum fina-finai goma a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Yau ana maimaita tsoffin fina-finan a talabijin da YouTube, fuskarsa na jawo talla, ko sisi ba ya shiga aljihunsa. Mu da muke tambayar ina kuɗinsa, mu ne muka yi layi a shagon masu turawar.

A 2022 'yar fim Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa akan sallame ta da dubu biyu zuwa biyar. Masana'antar ta yi caa, wasu manyanta suka musanta, aka kwashe makonni ana jayayya kan lissafi. Tambayar da ta fi nauyi kuwa an tsallake ta: me ya sa dattijuwa mai shekarunta ba ta da halin zama a gida ta huta?

Wanda ya bar harkar yana fita ne da kaya mai nauyi, wato sananniyar fuska. Ma'aikacin da aikinsa ya ƙare zai iya hawa Adaidaita Sahu ya nemi na cefane ba wanda ya kula. Tsohon jarumi in ya gwada, fasinjan farko zai ɗaga waya ya ɗauke shi, kafin magariba an sa masa taken "duniya juyi-juyi". Mai haya ma ƙara masa kuɗi yake yi, wai ai ɗan fim ne.

Na mata ya fi ciwo. Kullum ana yi wa 'yar fim wa'azin ta yi aure ta bar harkar. In ta bari, sai a yi guɗa, babu mai tambayar wace sana'a ta fita da ita. In auren ya mutu ta koma ga abin da ta iya, masu guɗar nan su ne masu cewa dama mun faɗa.

Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tana nan tun 2001 tana yi wa 'yan fim rajista, ƙungiyar masu harkar fim ta MOPPAN tana nan, Ali Nuhu yana shugabantar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya tun 2024. Su fara da tilasta rubutacciyar yarjejeniya da za ta ba ɗan wasa kaso duk lokacin da aka sake sayar da fim, sannan a riƙa cire wani abu daga kuɗin rajista zuwa asusun lafiyar waɗanda suka ajiye aiki.