Mu Shuka Jema Inda Baƙin Mai Ya Kashe Ƙasa



Duk wanda ya taɓa wucewa ta garejin makanikai ya san yadda ƙasar wurin take. Baƙa ƙirin, tana danƙo, ko ciyawa ba ta fitowa. Baƙin man da ake juyewa daga injin mota da babur da janareta ne ya mayar da ita haka. Idan aka yi ruwan sama, man yakan bi kwata, wani kuma ya nutse ƙasa inda ruwan rijiyoyinmu yake. A ganina bai kamata mu ɗauki wannan a matsayin abin da ba shi da magani ba.

A ƙasar Ogoni da ke Jihar Ribas abin ya fi haka muni, domin can ɗanyen mai ne yake malala daga bututu shekara da shekaru. A shekarar 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan yankin. Ta ce a wurare da yawa man ya nutse har zurfin mita 5, kuma gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A Nisisioken Ogale an samu sinadarin benzin mai jawo cutar daji a ruwan rijiya, ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi sau 900. A lokacin mutane suna shan wannan ruwan!

To ina ruwan tsiro da wannan? A cikin ƙasa akwai ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kuma wasu daga cikinsu mai ne abincinsu. Suna cinye shi a hankali har ya ruɓe. Matsalar ita ce, ƙasar da mai ya jiƙa takan toshe, iska ba ta shiga, sai su rasa ƙarfi. Saiwar tsiro tana huda ƙasa iska ta shiga, tana kuma fitar da wani ruwa mai ɗan sukari da ke ciyar da su. Sai su yi yawa a kewayen saiwar, aikin ya yi sauri. Wato tsiron ba shanye man yake yi kamar soso ba, masu aikin yake ciyarwa.

Tsiron da na fi so a wannan aiki shi ne jema, wadda ake zana da ita, take fitowa a fadama. Saiwarta takan yi zurfin mita 2 zuwa 3, tana jure fari, tana jure ambaliya. Masana sun gwada wake da gyaɗa ma, amma ni ina tsoronsu a nan, domin wani zai ga ƙwarya ta cika ya kai kicin.

Wani zai ce wannan hanya tana da jinkiri. Gaskiya ne, damina ɗaya ba lallai ta isa ba. Inda man ya yi yawa ƙwarai tsiron mutuwa zai yi, kuma ba ya kaiwa inda saiwarsa ba ta kai ba. Saboda haka kamfanin da ya malalar da mai a Ogoni ba zai shuka ciyawa ya ce ya gama ba, dole ya kwashe man tukuna. Amma ƙaramin wuri kamar bayan ɗakin janareta ba ya buƙatar katafila. Fartanya da takin shanu da haƙuri sun isa.

Kuma tunda an ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a shekarar 2022, wannan ilimi ba na mutanen kudu ba ne kaɗai.

Ina roƙon malaminmu na aikin gona da ƙungiyar matasa manoma mu gwada da kanmu. Mu samo ƙasar da baƙin mai ya taɓa, mu zuba a bokiti shida, mu gauraya da taki. Uku mu shuka jema, uku mu bar su haka. Kowane wata mu duba launi da wari mu rubuta. A ƙarshen zango na uku mu cire jemar, mu shuka masara a duka shidan, ba don ci ba, don mu ga inda za ta tsiro. A sa safar hannu, kuma a kewaye wurin saboda awaki.